Ganyen Da Ta Taɓa

Ina tsugune ina sauya wa wata shuka tukunya, hannuna duk taɓo, Yaya ya faɗo lambun ko sallama babu. Ya miƙo mini wayarsa har tana neman dungurar mini hanci.

"Ungo, kalli aikin mutumin naki da kika ce in ba shi ba sai rijiya."

Na goge hannu a jikin zanena na karɓa. Hoton wata budurwa ce, ta karkace kai, mayafi ya zamo kafaɗa, tana wani murmushi kamar an yi mata albishir. A ƙasa ta rubuta: "Saura ƙiris."

Na san ta sarai. 'Yar ƙanwar mahaifiyar saurayina ce, danginsu na ce mata 'Yar Inna, kuma Hajiyarsa ta daɗe tana son ta haɗa su. Amma wallahi ba fuskarta ce ta tsayar mini da numfashi ba, abin da ke bayanta ne. A gaban Gimbiya take tsaye, har ta kama ganye ɗaya da yatsunta masu jan farce.

Gimbiyata!

Bari in faɗa muku yadda abin yake, kada ku ce mace da hankalinta tana rawar jiki a kan ganye.

Tun rasuwar Baba ni ke riƙe da lambunsa. Mu ba furanni muke raino ba, shuke-shuken ganye ne irin na ƙasashen ruwa da ɗumi, masu faɗi kamar kunnen giwa, da gajerun dabinon tukunya, da masu zubowa in an rataye su. Shi kuma saurayin nawa mai hoto ne, yana da situdiyo a bakin titi. Duk unguwa Murmusa ake ce masa, don kalmar ba ta barin bakinsa in ya ɗaga kyamara. Da ya gaji da labulen nan mai zanen teku da kowane mai hoto ke da shi, sai ya zo lambunmu ya ce yana so in mutum ya shiga shagonsa ya ji kamar kurmi ya shiga.

Ni na tsara masa komai. Dogaye a baya, masu faɗin ganye a gefe, ƙanana a ƙasa su ɓoye wayoyin fitilu. Da yake shuka ba ta rayuwa da hasken fitila, duk mako nakan kawo wasu a amalanke, in kwashe waɗanda suka yi aiki in mai da su lambu su sha rana su huta. A wajen wannan kai-da-kawowa ne zuciyata ta maƙale a shagon.

Gimbiya kuwa Baba ne ya raine ta tun tana ganye biyu, shi ya sa mata sunan. Yanzu ta fi ni tsawo, ganyenta manya masu tsaga da huji. Da soyayya ta yi nisa na ba Murmusa aronta, ta zauna kusa da ƙofa kowa na hoto da ita. Ranar da ya ce aurena zai yi, na sa aka ja ta ɗakin baya, jikin babbar taga, aka saki labule. Na ce masa, "Baba ba zai ga aurena ba. To a gabanta za a ɗauki hotonmu, kuma daga yau ban yarda wata mace ta tsaya a gabanta ba sai ni." Ya dafa ƙirji ya ce ya ɗauki alkawari.

Ga alkawarin nan a wayar Yaya.

"Tun yaushe nake faɗa miki?" in ji Yaya. "Mutumin da sana'arsa kallon matan mutane, 'ɗaga haɓa, juyo da ido,' daga safe har yamma, shi ne zai zauna da mace ɗaya?"

"Wa ya turo maka?"

"Ina ruwanki da wanda ya turo? Ƙarya ce?"

"Mai Kemis ne ko?"

Ya kau da kai. Dama na sani. Mai Kemis abokin Yaya ne, ya daɗe yana zarya a ƙofar gidanmu da motarsa da turarensa mai hawa kai, kuma Yaya ya riga ya ba shi ni a ransa.

Umma na tsaye a ƙofar da ta haɗa gidanmu da lambun, ashe duk tana ji. Ta karɓi wayar ta nisanta ta da idonta, ta daɗe tana kallo.

"Ni ban taɓa yi miki dole ba," ta ce, "kuma ba yau zan fara ba. Magabatansa sun ce ƙarshen mako za su zo. Je ki ki ji ta bakinsa. In kin dawo da shukar mahaifinki gida, na gane, zan aika musu kada su wahalar da kansu, yayanki ya yi magana da abokinsa. In kuma kin baro ta can, shi ke nan, kada wanda ya ƙara tayar mini da zancen nan."

"Je ki, za mu biyo ki da mota," in ji Yaya, har da fara'arsa. "Tukunyar nan ba ta ɗaukuwa a ka."

Na zari mayafi na fita da rigar aikina, almakashin lambu na cikin aljihu ban ma tuna da shi ba.

Da na isa na tarar yana aiki. Wata mata ce zaune a kan kujera tsakanin kunnen giwana guda biyu, ta sha kwalliya, shi kuma ya durƙusa da gwiwa ɗaya yana leƙen kyamara.

"Yauwa Hajiya, ɗan ɗaga haɓa. Haka. Kalle ni nan. Murmusa kaɗan."

Sau nawa na ji kalmomin nan ban taɓa jin komai ba? Yau kuwa kowace ɗaya sai da ta soke ni. Matar nan ta kusa haifata, amma wallahi da ta yi masa dariya ji na yi kamar in kwashe tukwanena in bar ta zaune a gaban bango tsirara.

Tana fita ya juyo da fara'a.

"Mai Ganye! Yau ba ranar sauyi ba ce, ko kewata ce ta..."

Na ɗora masa hoton a gaban ido, don Yaya ya tura mini tun ina hanya.

"Wannan? Ai... ai tsohon hoto ne. Tun tana nan gaba, kafin mu yi maganar nan."

"Tsoho ne?"

"Tsoho ne."

Na wuce shi na yaye labulen ɗakin baya.

Ga ta nan jikin taga, hasken yamma na zuba a kanta. A can sama, ɓangaren dama, ga sabon ganye ya buɗe, kore shar mai haske, jikinsa da taushi bai gama ƙwari ba. Zuwana na ƙarshe a naɗe na bar shi kamar tabarma. Ni na nuna masa da bakina, na ce kafin ranar hotonmu zai buɗe. Duk makon nan da shi nake kwana a raina.

"Zo ka gani," na ce. "Wane ganye ta riƙe a hoton?"

Ya tsaya yana kallon ganyen.

"Na ce wane ganye ta riƙe? Tsohon hoto da ganyen da bai yi mako da buɗewa ba? Ni za ka yi wa ƙarya da shukar ubana?"

"Mai Ganye, tsaya ki ji..."

"Ni ban gan shi a buɗe ba sai yanzu! Ita ta riga ni gani, ita ta riga ni taɓawa!"

Sai kuka ya ƙwace mini, irin mai fitowa da shessheƙa, wanda na tsana in yi a gaban namiji. Ya matso, na ɗaga masa hannu, ya tsaya inda yake.

"Na yi ƙarya," ya ce a hankali. "Na ga idonki ne na tsorata, bakina ya riga ni. Ki yafe mini wannan. Amma wallahi ba hoto ba ne."

"Ba hoto ba ne? To mene ne, zane ne?"

"Gwajin haske ne."

Na tsaya da kukan ina kallonsa.

"Ki saurare ni don Allah. Ganyen nan duhu ne da shi, ga ƙyalli. In na haska shi ya fito, fuskar mutum sai ta ƙone. In na rage don fuska, shi ya zama baƙi ƙirin. Na kwana biyu ina fama, na ja fitila nan, na mai da lema can, abu ya ƙi. Kujera na fara sawa a wurin, to kujera ba ta da fata. Ba na so ranarmu ta zo in tsaya ina lalube kina tsaye. Rannan ta shigo, na ce ta ɗan tsaya in gwada, shi ke nan. Mu a wurinmu wanda aka tsayar don gwaji ba a ɗauke shi hoto ba, kamar... kamar sanda ce aka kafa."

"Sanda mai jan farce."

"Haba Mai Ganye."

"Sanda mai karkace kai! Kai ka ce mata ta murmusa?"

Ya sosa ƙeya. "Bakina ne ya saba."

"Duk matan garin nan ba ka ga wadda za ka tsayar ba sai ita? Me ya hana ka kira ni?"

"So na yi ki zo ki tarar komai ya kammala. Ita kuma na ga kalar fatarku ɗaya ce, tsawonku ma kusan ɗaya..."

Inna lillahi! Jama'a kun ji mutum? Wai gyara zancen yake.

"Kalarmu ɗaya? Tsawonmu ɗaya? Ashe har ka tsaya ka auna mu! To tunda ɗaya muke ai ba ka yi asara ba, sai ta tsaya maka ranar ma, haske ya riga ya san ta."

"Ba haka nake nufi ba, wallahi ba haka nake nufi ba."

"Me ma ya kawo ta shagon?"

Ya sunkuyar da kai, na san akwai wata a ƙasa.

"Hajiya ce ke aiko ta da abinci."

"Tun yaushe?"

"An ɗan kwana biyu."

"Kullum?"

"Kusan kullum."

Na dafa bango. Ni ina can ina fama da Yaya, ina shan gori a kansa safe da yamma, ina kauce wa motar Mai Kemis kamar mai ɓuya, shi yana nan yana buɗe kular 'Yar Inna yana santi.

"Kana ci?"

"Abincin mahaifiyata ne, ya zan yi?"

"Ita take zuba maka?"

"Mai Ganye..."

"Amsa za ka ba ni! Ita take zuba maka?"

"Wani lokacin."

Na share hawaye da gefen mayafi, wasu suka sake zubowa. "Hoton fa? Ƙafa ya yi ya je wayarta?"

"Ta ce in tura mata ta gani. Ban kawo komai a raina ba, abin da zan goge ne. Ban san ta sa shi duniya ta gani ba sai yanzu da kika nuna mini." Ya karɓi wayar ya karanta abin da ta rubuta, na ga fuskarsa ta sauya. "Saura ƙiris? Saura ƙiris me?"

"Ni kake tambaya? Tambayi Hajiyarka. Kai kana gwada haske, su suna gwada amarya."

Ya zauna a kan akwatin fitilu ya riƙe kai. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Na faɗa wa Hajiya ke nake so. Ta ce to. Kawuna ma ya sa ranar zuwa gidanku."

"Ta ce to, ta ci gaba da aiko kula. Kai kuma ka ci gaba da ci. Ka taɓa buɗe baki a gaban ita yarinyar ka ce mata ba za ka aure ta ba?"

"'Yar'uwata ce, ina jin nauyi."

"Ni ba ka ji nauyina ba."

Na juya na kama bakin tukunyar da hannu biyu na ja. Ta motsa kaɗan ta tsaya, duk jikin shukar ya girgiza. Na san dalili. Gimbiya irin shukar nan ce mai fitar da jijiyoyi daga jikin karanta, kuma a watannin da ta yi a ɗakin sun miƙa sun nannaɗe ƙarfen taga, wasu sun kama bango. Ina gani duk mako na ƙyale su, don a raina nan ne gidanta.

"Za ki yaga ta," ya ce. "Don Allah kada ki huce a kanta, ni na yi laifi."

Daidai nan muka ji tsayuwar mota, sai ga ƙamshin turaren nan ya riga mai shi shigowa. Yaya ne a gaba yana naɗe hannun riga, Mai Kemis a baya yana kaɗa makulli, yana bin shukokina da kallo yana taɓe baki.

"Ranki ya daɗe, an kwantar da kujerun baya," in ji Mai Kemis. "Wannan ce fulawar? Ai da kin faɗa mini kina son irinsu, akwai na roba a shagona, ba ruwa ba taki, shekara da shekaru suna nan kore."

Ko kallonsa ban yi ba. Yaya ya leƙa bayan tukunyar ya ga jijiyoyin.

"Ta kama ƙarfe. Ba almakashi a aljihunki? Datse su mu tafi."

Na zaro almakashin. In na yanke jijiyoyin ba za ta mutu ba, za ta yi jinya ta warke a lambu, na sani. Abin da ba zai warke ba shi ne in Umma ta ga tukunyar nan ta shigo gida.

Murmusa ya miƙe. Bai kalli Yaya ba, bai kalli Mai Kemis ba.

"Ban da bakin hana ki," ya ce, hawaye na bin fuskarsa a gaban maza biyu bai damu ba. "Taki ce, ta Baba ce. Amma ki sani, duk wahalar da na sha da fitilun nan fuskarki nake gani a wurin. Ko lokacin da take tsaye, ke nake gani."

"Ka ji ɗan duniya," in ji Yaya. "Bakin nan da shi yake cin abinci. Yanke mu tafi!"

Na ɗaga almakashin. Na kalli jijiyar da ta fi kauri, ta zagaye ƙarfen taga ta riƙe gam. Na kalli Mai Kemis, ya gyara tsayuwa yana murmushin wanda ya gama cin nasara. Na kalli sabon ganyen, na tuna jan farcen nan a kansa.

Na yi ɗage na kama shi, na datse shi daga tushe. Ƙaras!

Ganyen da na yi mako ina jira ya kwanta a hannuna, sanyi, da taushi. Sai da na ji kamar yatsana na yanke.

"Ke! Jijiya na ce, ba ganye ba!" in ji Yaya.

"Gimbiya ba ta zuwa ko'ina, Yaya. Ka faɗa wa Umma na baro ta."

"Kina hauka ne? Bayan abin da kika gani da idonki?"

"Na gani, kuma ni da shi ne." Na juya wurin Mai Kemis. "Malam, a ɗaga kujerun mota, an gode. A gai da na roba."

Makullin ya daina kaɗawa. Mai Kemis ya fita, Yaya ya nuna ni da yatsa ya bi bayansa.

Murmusa ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya ya fara murmushi. Na katse shi.

"Kada ka soma, ban huce ba. Ungo." Na miƙa masa ganyen. "Wannan nata ne, ita ta taɓa. Yanzu, ba gobe ba, ka kai mata har gaban Hajiya. Ka ce ga abin da ta samu a shagon nan, shi ne rabonta, ta cire hoton, kuma kula ta daina zuwa. Ni ba zan tsaya a gaban Gimbiya ba sai wani sabo ya fito wanda ba wadda ta riga ni gani. In kuma haske kake son gwadawa, ga ni da raina, ko yini za a yi ina tsaye."

"Na ji. Wallahi na ji."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya ɗauki hularsa ya sa, ya leƙa madubin da kwastomomi ke gyara kwalliya ya ɗan daidaita ta, ya nufi ƙofa riƙe da ganyen a ƙirji, a hankali kada ya karye.

Na bi shi da kallo. Ya yi kyau, abin haushi. Sai na hango shi yana sallama a falon Hajiya, 'Yar Inna na tasowa da karkataccen kanta, shi yana miƙa mata kore shar da hannu biyu, da wannan bakin nasa da ya saba cewa a murmusa. Wato ni da kaina na yanko mafi kyawun ganyen Baba, na ba saurayina ya kai wa wata har gida!

"Tsaya!"

Ya juyo a firgice.

"Uban wa ya ce ka gyara hula?"

Na fizge ganyen daga hannunsa, na ja mayafina na rufe taɓon da ke gaban rigata. Ban taɓa taka gidansu ba, ban taɓa haɗa ido da Hajiyarsa ba.

"Rufe shagon," na ce. "Kai za ka yi maganar, amma ni zan miƙa mata."